Daga York City zuwa Chelsea: nazarin tafiyar ɗan wasan ƙananan rukunoni da ya koma koci

Asalin lamarin, 1992 zuwa 2005

Mutumin da wannan nazari ya shafa shi ne Graham Potter, tsohon ɗan baya na hagu, an haife shi a Solihull kusa da Birmingham a 1975. Ya fara ƙwallon kuɗi a Birmingham City, ya koma Stoke City a 1993, sannan Southampton ta ɗauke shi a 1996. A nan kaɗai ya taɓa buga gasar Firimiya, wasa 8 kacal, ciki har da ranar da Southampton ta lallasa Manchester United da ci 6-3 a watan Oktoban 1996. Bai cika shekara ba ya koma West Bromwich Albion, ita kuma ta riƙa ba da shi aro, ya je Northampton Town, ya je Reading. A shekarar 2000 ya sauka York City da ke mataki na huɗu, ya yi shekara 3. Daga nan sai Boston United, aro a Shrewsbury Town, ƙarshe Macclesfield Town. Ya yi ritaya a 2005 yana da shekara 30, bayan ya buga wasan lig sama da 300.

Sai an san tsarin ƙwallon Ingila kafin a gane matsalar da ya shiga. Manyan rukunoni huɗu ne: Firimiya mai ƙungiya 20, sai Championship da League One da League Two masu 24 kowanne. Jimilla ƙungiya 92, kujerar babban koci 92. Ɗan wasan mataki na huɗu yawanci kwantiragin shekara ɗaya ko biyu yake samu, albashinsa kuma ba ya barin abin da zai zauna ya ci bayan ritaya. Ranar da ya ajiye ƙwallo, ranar zai fara neman wani aikin.

Takardun horarwa a buɗe suke ga kowa. Ana farawa da ƙananan kwasa-kwasan hukumar ƙwallon Ingila ta FA, sai lasisin UEFA na B, sai na A, sai na Pro wanda shi ake buƙata kafin a riƙe ƙungiyar Firimiya. Amma takarda ba ta ba da kujera. Shugaban ƙungiyar da ke cikin tsoron faɗuwa ya fi son ɗayan biyu: tsohon tauraron da sunansa zai kwantar da hankalin magoya baya, ko kocin da aka kora a wani wuri wanda aƙalla ya taɓa riƙe aikin. Ɗan bayan Macclesfield bai shiga ko ɗaya ba. Shi kansa ya sha faɗa daga baya cewa abin da ya tarar a ɗakunan canja kaya na Ingila shi ne tsoro da ɗora wa juna laifi, kuma ba irin horarwar da yake son yi ke nan ba.

Shekarun jami'a, 2005 zuwa 2010

Matakin farko da ya ɗauka ya fara tun yana wasa. Da tallafin ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PFA ya yi karatu daga gida a Open University, ya kammala digiri a kimiyyar zamantakewa a watan Disambar 2005. Da wannan takarda ya samu aikin kula da bunƙasa ƙwallo a Jami'ar Hull.

A 2007 ya tafi Sin tare da tawagar mata ta Ghana a matsayin daraktan fasaha, a gasar cin kofin duniya ta mata. Sakamakon bai yi kyau ba: Ostareliya ta ci su 4-1, Kanada 4-0, Norwe 7-2. An zura musu ƙwallo 15 a wasa 3, suka dawo gida daga zagayen rukuni.

Bayan haka ya zama mataimakin kocin tawagar jami'o'in Ingila, ya koma Jami'ar Leeds Metropolitan, inda ya horar da ƙungiyar ɗalibai mai suna Leeds Carnegie a gasar Northern Counties East, can ƙasan tsani, nesa da matakin ƙwararru. A nan ya yi digiri na biyu a fannin shugabanci, ya mai da hankali kan yadda jagora ke fahimtar halin zuciyarsa da na mutanen da yake jagoranta.

Abin da wannan zango ya ba shi a aikace shi ne awanni masu yawa a filin atisaye. Kocin ɗalibai shi ke tsara atisaye, shi ke jera mazugai, shi ke neman motar tafiya. Ɗalibi ba albashi ake ba shi ba, don haka tsawa ba ta riƙe shi. In bai gamsu da dalilin atisaye ba, gobe ba zai zo ba. Kuma in koci ya gwada wani tsari ya lalace, babu jaridar da za ta buga. Abin da zangon bai ba shi ba shi ne kujera: shekara 5 bayan ritaya, bai riƙe ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 92 ɗin nan ba.

Östersund, 2011 zuwa 2015

Ƙofar ta buɗe ne ta hanyar sanayya. Graeme Jones, wanda suka yi wasa tare a Boston United, yana mataimakin Roberto Martínez a Swansea City lokacin da ƙungiyar ke da alaƙa da wata ƙaramar ƙungiya a Suwidin mai suna Östersund. Jones ne ya ba shugabanta, Daniel Kindberg, shawarar ya ɗauki abokin nasa. A watan Disambar 2010 aka sa hannu kan kwantiragin shekara 3, ya kama aiki a Janairun 2011.

Östersund gari ne mai mutum kusan 50,000 a yankin Jämtland, fiye da kilomita 500 arewa da Stockholm. An san shi da wasannin kan ƙanƙara, ba da ƙwallo ba. Ƙungiyar ma a 1996 aka kafa ta, kuma ta faɗa mataki na huɗu a 2010. Saboda sanyi, kakar ƙwallon Suwidin daga wajejen Afrilu take zuwa Nuwamba, kuma filin ƙungiyar na ciyawar roba ne.

Babbar matsalar ita ce samun 'yan wasa. Yaro mai ƙwazo daga Stockholm ko Malmö ba shi da dalilin ƙaura zuwa arewa mai duhu da sanyi don ya buga mataki na huɗu, kuma babu kuɗin da za a lallashe shi da su. Sai aka juya ga waɗanda wasu suka yar. Jamie Hopcutt, wanda York City ta sallama, daga ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba aka ɗauko shi. Curtis Edwards ya fito daga makarantar Middlesbrough, bai samu shiga ba, yana buga wa wata ƙaramar ƙungiyar ƙauye a Suwidin aka gan shi. Daga Afirka aka samu David Accam ɗan Ghana a 2012, wanda bai cika kaka ba Helsingborg ta ɗauke shi, da Modou Barrow ɗan Gambiya a 2014, wanda ya wuce Swansea. Daga baya aka ƙara da 'ya'yan baƙin haure da suka taso a Suwidin, irin su Saman Ghoddos da kyaftin Brwa Nouri. Ma'aunin zaɓen bai canja ba: ɗan wasa mai iya riƙe ƙwallo a ƙafa, mai araha, wanda ke da dalilin nuna cewa an yi kuskuren sallamarsa.

Tara irin waɗannan mutane wuri guda yana da tasa matsalar. Harsunansu daban, ba su da dangi a garin, bayan atisaye kowa ya shige ɗaki. Maganin da ƙungiyar ta fito da shi shi ne shirin al'adu na dole: kowace shekara 'yan wasa da masu horarwa da ma'aikatan ofis za su shirya wani abu su nuna wa mutanen gari. An yi wasan kwaikwayo, an yi baje kolin zane, an yi waƙa, an yi rawar Turawa a kan dandamali, an kuma yi nazarin al'adun Sami, makiyayan asali na yankin. Kocin ma ba a ɗauke masa ba, shi ma ya hau dandamali. Mutane da yawa sun ɗauki abin wasa, amma yana da alaƙa kai tsaye da irin ƙwallon da ake so a buga. Ɗan bayan da aka ce ya karɓi ƙwallo daga mai tsaron raga alhali abokin hamayya na kansa, dole ya saba da yin abu a gaban jama'a yana jin tsoro ba tare da ya daskare ba.

A fili, tsarin shi ne riƙe ƙwallo da fara gini daga baya, sau da yawa da 'yan baya uku. Masu tsaron tsakiya na gefe suna buɗewa, 'yan gefe biyu su haura sama, ɗan tsakiya ɗaya ya sauko ya karɓa. Amfaninsa shi ne in abokan hamayya sun matso da mutum biyu, akwai mutum ɗaya da ya rage babu mai tsaronsa. Haɗarinsa kuma a bayyane yake: in aka ƙwace ƙwallo a tsakiya lokacin da 'yan gefe suna sama, bayansu a buɗe yake, kuma kuskuren fasin ɗaya kusa da raga ƙwallo ce a ciki. Ana kuma sauya jeri daga wasa zuwa wasa, har a tsakiyar wasa, daga uku a baya zuwa huɗu. Wannan ba ya yiwuwa sai ɗan wasa ya san aikin wuri biyu ko uku, abin da ke cin watanni na maimaici da mutane iri ɗaya.

Sakamako: ƙungiyar ta lashe rukuninta a 2011, ta sake lashewa a 2012, ta shiga mataki na biyu. Nan tafiyar ta tsaya kaka biyu, 2013 da 2014, ba a haura ba, kuma ba a kori koci ba. A watan Oktoban 2015 ta ƙare ta biyu, ta shiga babbar gasar Allsvenskan karo na farko a tarihinta.

Kofi da Turai, 2016 zuwa 2018

A 2016 ta ƙare ta 8, a 2017 ta 5. Ranar 13 ga Afrilun 2017 ta doke IFK Norrköping 4-1 a wasan ƙarshe na kofin Suwidin, kuma ɗan wasan gaba na Najeriya, Alhaji Gero, na cikin waɗanda suka ci. Kofin ne ya ba ta gurbin share fagen gasar Europa.

A watan Yuli ta fitar da Galatasaray ta Turkiyya: 2-0 a gida, 1-1 a Istanbul. Ta wuce Fola Esch ta Luxembourg. PAOK ta Girka ta ci ta 3-1, ita kuma ta rama 2-0 a gida ta wuce da dokar ƙwallon waje da ake amfani da ita a lokacin. A rukuni ta haɗu da Athletic Bilbao da Hertha Berlin da Zorya Luhansk, ta tara maki 11, daidai da Bilbao, ta fito ta biyu. Arsenal ce ta tsayar da ita a Fabrairun 2018: 3-0 a Suwidin, amma Östersund ta ci 2-1 a Emirates, filin Arsenal. A wannan lokacin ya riga ya kafa ƙaramar tawagar aiki da ta riƙa bin sa har zuwa Chelsea: Billy Reid mataimaki, Björn Hamberg mai horarwa, Kyle Macaulay mai nazarin 'yan wasan da za a saya.

Swansea, 2018 zuwa 2019

A Yunin 2018 Swansea ta ɗauke shi, bayan ta faɗo daga Firimiya tana sayar da manyan 'yan wasanta don rage albashi. Ya cike gurbin da matasan gida irin su Daniel James da Joe Rodon da Connor Roberts, Oli McBurnie kuma ya ci ƙwallo 22 a lig. Sun ƙare na 10. A kofin FA sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, suka fara cin Manchester City 2-0 kafin ta farke ta ci 3-2. Bayan kakar Manchester United ta sayi James a kan kusan fam miliyan 15.

Brighton, 2019 zuwa 2022

Ranar 20 ga Mayun 2019 Brighton ta naɗa shi a madadin Chris Hughton, wanda ya ƙare na 17 da maki 36 da salon tsare gida. Mai ƙungiyar, Tony Bloom, ya gina sayen 'yan wasa a kan nazarin alƙaluma, akwai kuma daraktan fasaha, Dan Ashworth, tsakaninsa da koci. Wata 6 da fara aiki aka tsawaita kwantiragin zuwa 2025.

Kaka biyu na farko teburi bai nuna wani canji ba: na 15 da maki 41, sai na 16 da maki 41. A duk shekarar 2020 wasan lig ɗaya tak suka ci a gida, wanda suka doke Arsenal 2-1. Matsalar a bayyane take ga mai kallo. Ƙungiyar tana kai ƙwallo har bakin raga, tana hana abokan hamayya dama, amma babu mai ƙarasawa. A kakar 2020-21 ƙwallo 40 ta ci a wasa 38, ta yi canjaras 14. Ma'aunin da ke auna ingancin damarmakin cin ƙwallo ya nuna ta fi matsayinta a teburi nesa ba kusa ba, kuma da irin wannan ma'auni shugabannin ke duba aikin koci. Don haka ba su taɓa shi ba, ko a ƙarshen 2021 da aka yi wasa 11 a jere babu nasara har wasu magoya baya suka yi ihu bayan 0-0 da Leeds, ko a farkon 2022 da aka sha kashi 6 a jere.

Kakar 2021-22 ta ƙare da matsayi na 9 da maki 51, mafi girma a tarihin ƙungiyar zuwa lokacin, har da cin Manchester United 4-0 a watan Mayu. An yi haka ne alhali ana sayar da ginshiƙai: Ben White ya tafi Arsenal a kan fam miliyan 50, Dan Burn ya tafi Newcastle, daga baya Yves Bissouma da Marc Cucurella suka bi. Duk wanda ya tafi, an riga an tanadi magajinsa. Bayan wasa 6 na sabuwar kaka, Brighton tana ta 4 da maki 13.

Chelsea da West Ham, 2022 zuwa 2025

Ranar 8 ga Satumban 2022 sabbin masu Chelsea, Todd Boehly da kamfanin Clearlake, suka ɗauke shi da kwantiragin shekara 5 bayan korar Thomas Tuchel, suka biya Brighton diyyar sama da fam miliyan 20. Wasa 9 na farko ba a doke shi ba. Na 10 a Brighton ne, aka ci shi 4-1.

Sharuɗɗan aikin sun sha bamban da duk inda ya taɓa zama. Ya zo ana tsakiyar kaka, babu atisayen share fage. A watan Oktoba kaɗai an buga wasa 9, wato tsakanin wasa da wasa babu abin da ake yi sai hutu da shirin na gaba. Daga nan aka tafi gasar cin kofin duniya a Qatar. N'Golo Kanté da Reece James da Ben Chilwell da Wesley Fofana duk sun yi jinya mai tsawo. A Janairun 2023 aka kashe kusan fam miliyan 300, har da fam miliyan 106.8 a kan Enzo Fernández, ba tare da an rage na da ba, tawaga ta haura mutum 30.

Lissafin wannan yawa mai sauƙi ne. Atisayen 11 da 11 mutum 22 yake ɗauka, ranar wasa kuma mutum 20 ake rubutawa. Kowane mako akwai fiye da 10 da za a gaya wa ba sa ciki, yawancinsu masu manyan albashi. A gasar Zakarun Turai sabbi 3 kawai doka ta yarda a ƙara, aka sa Fernández da Mudryk da João Félix, aka cire Aubameyang. Thiago Silva ya faɗa a fili cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin canja kaya. Kocin ya ci gaba da sauya jeri da 'yan wasa kamar yadda ya saba, amma yanzu da mutanen da ba su san motsin juna ba. Ya fitar da Borussia Dortmund ya kai zagayen 'yan 8 a Turai, sai dai a lig ƙwallo ta ƙi shiga. Ranar 2 ga Afrilun 2023, kwana ɗaya bayan Aston Villa ta ci 2-0 a Stamford Bridge, aka sallame shi, ƙungiyar tana ta 11. Wasa 31: nasara 12, canjaras 8, rashin nasara 11.

Ya zauna wata 21 babu aiki. West Ham ta ɗauke shi ranar 9 ga Janairun 2025, nan ma a tsakiyar kaka, da tawagar da aka tara wa wasu masu horarwa. Sun ƙare na 14. Ranar 27 ga Satumba aka sallame shi, nasara 6 a wasa 25. A watan Oktoban 2025 hukumar ƙwallon Suwidin ta ba shi tawagar ƙasar.

Hukunci

Matsalar farko, wato yadda ɗan wasan da ba shi da suna zai samu kujera, ba lasisi ne ya warware ta ba, ba kuma digiri ba. Waɗannan sun shirya shi, amma tsohon abokin wasa ne ya buɗe ƙofar, kuma a wajen Ingila. Sai da ya yi shekara 7 da rabi a Suwidin, ya haura mataki uku, ya ci wasa a filin Arsenal, sannan ƙungiyar mataki na biyu a Ingila ta kira shi. Wannan ya fi nuna yadda ake ɗaukar koci a Ingila fiye da yadda ya nuna ƙwarewarsa.

Inda aikin ya yi kyau, abubuwa uku suna nan tare: shugaba ɗaya da ya yarda da tsarin har ya jure kaka biyu marasa motsi, tawaga madaidaiciya ta 'yan wasan da ke neman ɗaga kansu, da sayayya da ke bin salon wasan. A Chelsea babu ko ɗaya. Shaidar cewa ciwon ya wuce koci ita ce wanda ya riƙe ƙungiyar bayansa, Frank Lampard, wasa 1 ya ci a cikin 11, aka ƙare na 12. Amma wannan bai wanke shi duka ba. Ya karɓi aikin yana ganin masu ƙungiyar sun kori kocin da ya ɗauko mata kofin Turai, kuma da tawaga ta kumbura bai tsayar da mutum 14 ko 15 ya manne musu ba, abin da yake hannunsa. Ƙarancin ƙwallo a raga kuma ya bi shi daga Brighton zuwa Chelsea zuwa West Ham, da 'yan wasan gaba daban-daban, don haka da wuya a ce duk rashin sa'a ne.

Abin da ya faru bayan tafiyarsa ya raba alhakin. Östersund ta faɗo daga Allsvenskan a 2021, shekara 3 bayan ya bar ta, alamar cewa kaso mai yawa na nasarar can nasa ne da mutanensa. Brighton kuwa ta ƙare ta 6 a 2023 ƙarƙashin Roberto De Zerbi, ta shiga gasar Turai karo na farko, da 'yan wasan da Potter ya horar da kuma tsarin sayayyar da ya tarar a can.